Ko Tari Ba a Ji Ba

Mutanen garin ba su wahalar da kansu wajen riƙe sunanta ba. Mai Waya suke ce mata, don duk wanda ya gifta ta tagarta zai gan ta zaune gaban kwamfuta, abu a kunne, tana ba mutanen da ba a gani haƙuri. Aikinta ke nan. Wani kamfanin sayar da kaya ta intanet ne ya ɗauke ta, wanda kayansa suka makara ko suka iso a fashe sai ya kira, ya wanke ta tas, ita kuma ta ce, "A yi haƙuri, yallaɓai, yanzu zan duba."

Tsadar birni ce ta koro ta. Haya da maganin Baba, mahaifinta, suka haɗe mata kai, albashin ya kasa ɗaukarsu duka. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Baba ba ya tashi, magana kuma sai dai gurnani. A nan kuwa ta samu gida mai ɗaki biyu da tsakar gida da rijiya, a kan abin da bai kai hayar ɗan akurkin da suka baro ba. Hatsi a bakin gona, ƙwai a maƙwabta. Sabis ma akwai, in dai ka lafe a jikin tagar ɗakin gaba. Ta kafa sola a rufi, ta yi wa Baba shimfiɗa a ɗakin baya, ta ajiye masa kwanon ƙarfe da cokali ta wajen hannunsa mai lafiya. In yana son ruwa ko juyi, sai ya buga, ƙwan, ƙwan, ita kuma ta ce wa mai kira ya ɗan dakata, ta ruga.

Sai dai wanda ya ce ƙauye shiru ne, wallahi bai taɓa kwana a cikinsa ba. Ga zakaran da bai san asuba da azahar ba, ga awaki, ga injin niƙa yana ta tari tun hantsi. Sannan ga Inna, matar mai injin, wadda katanga ɗaya ce ta raba su. Inna ba ta iya magana a hankali ba. Ko gaisuwa za ta yi, sai ka ce wani take kira daga gona. Tun ranar da suka sauka ta ɗauki Baba yayanta. Kullum da hantsi sai ta faɗo gidan, ta juya shi, ta goge masa baki, ta kwashe labarin gari kaf ta juye masa.

"Yaya, kai dai ka more," in ji ta. "Kana kwance ana yi maka hidima, mu muna can rana tana gasa mu!"

Baba ya karkace baki, wai shi dariya.

To ashe duk wannan yana shiga waya, kamfanin kuma yana naɗar kowane kira. Ran nan Madam, shugabar sashensu, ta kira ta, murya a sanyaye, irin sanyin da ya fi zagi ciwo.

"Wani ya tambaye mu jiya, kamfani ya kira ko kasuwar dabbobi. Sannan wannan buge-bugen kwanon, da barin mutane a layi, ya ishe ni. Ba zan sake yi miki magana ba. Mutane nawa ne suke jiran kujerar nan taki?"

In aikin nan ya tafi, maganin Baba ya tafi, gidan ma ya tafi, kuma daga nan ba ta san wani wuri mai arha da za su sake gudu ba. Tsoro ne ya kama ta sosai, kuma da tsoron ta yi duk abin da ta yi. Ta aika birni aka sayo mata abin kunne irin mai toshe duk wata ƙara. Ta cusa tsofaffin buhuna a taga. Ta ɗaga katifarta ta jingina a bayan ƙofa, ita ta koma kwana a tabarma.

Saura Inna. Washegari tana tsakiyar lallashin wani mai faɗa, Inna ta banko ƙofar, katifa ta kife.

"Mai Waya, zo ki gani! Tsohon nan naki yau har hararata ya yi!"

Ta fizge abin kunnen, idonta ya rufe.

"Inna, don girman Allah! So kike a kore ni? Ke za ki ciyar da mu? In kin ga ƙofar gidan nan a rufe, aiki nake, kada kowa ya shigo mini. Kowa, Inna!"

Inna ta tsaya turus, ta gyara mayafi. "To, 'yata. Allah ya huci zuciyarki." Ta fita a hankali, har da jawo ƙofa.

Da yamma Mai Waya ta durƙusa gaban Baba tana ba shi magani, ta kasa haɗa ido da shi. "Baba, ka ɗan riƙa haƙuri da cokalin nan. Duk lokacin da na samu hutu zan leƙo ka, ka ji?" Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tura cokalin ƙarƙashin matashi.

Kuma abin haushi, dabarar ta yi aiki. Da ta saka abin kunnen nan, duniya sai ta ɗauke ɗif. Ba zakara, ba inji, sai ita da mai kira. Cokalin ma ta daina jinsa, ta ce a ranta ai Baba ya gane.

Ranar da abin ya faru lokacin girbi ne, gari ya watse gona, kamfani kuma ya karya farashi, kira yana bin kira ba numfashi. Ta ba Baba abin karyawa, ta gyara masa kwanciya, ta shige ta jingina katifa. Lokacin hutun hantsi ya zo, ta ga layi ya yi tsawo, ta ce bari ta ƙara ɗaya. Ɗayan ya jawo wani. Sai da rana ta take tsaka saƙon Madam ya shigo: "Yau ko tari ba a ji ba. Haka nake so."

Kai, ta ji daɗi! Rabonta da jin daɗi irin wannan tun suna birni. Ta miƙe tana murmushi, za ta je ta gaya wa Baba cewa aiki ya zauna. Ta janye katifar, ta buɗe ƙofa.

Yana nan a bakin ƙofar, kife a ƙasa. Mutumin da ba ya iya juya kansa a kan gado ya jawo jikinsa da hannu ɗaya tun daga ɗakin baya, ga sawun jan nan a tsakar gida. Kwanon yana can baya, ya lotsa. Cokalin yana hannunsa, ƙasan ƙofarta duk ya farfashe da bugu. Ta taɓa wuyansa. Ya riga ya yi sanyi.

Ihunta ne ya kawo Inna, a guje, ba mayafi. Ta durƙusa, ta shafe masa ido, tana salati hawaye suna zuba.

"Inna, ba ki ji komai ba?" in ji Mai Waya.

"Na ji, 'yata. Tun da hantsi nake ji, yana ta bugu, yana ta bugu. Na zo har bakin ƙofar gida, na ɗora hannu, sai na tuna abin da kika ce. Na ce ai 'yarsa tana ciki, tana jinsa."

Sai da suka haɗu su biyu kafin suka iya zare cokalin daga hannunsa.