Barewar da Ta Yi Tari

A watan Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasarsu, sanyi ya kai inda ya kai, Rewi da mijin yayarsa, Matiu, suka hau tsaunin Kaweka farautar barewa. A bakin rafi suka rabu. Matiu ya yi gabas, Rewi ya yi yamma.

Har rana ta take tsaka Rewi bai ga ko sawu ba. Dusar ƙanƙara ta kai masa ƙwauri, yatsunsa duk sun ƙage. Can sai ya hango ƙahoni suna rausaya cikin hazo, a gangaren da ke ƙasansa. Ya durƙusa, ya saita bindiga, ya ja kunama.

Ƙyas! Bindiga ta ƙi tashi. Man da ya labta mata jiya ya daskare. Ya yi tsaki, ya zare sakatar bindigar ya cusa a hammata don ta ji ɗumi, yana zaginta ƙasa-ƙasa.

Sai barewar ta yi tari, irin na mai shan taba.

Ashe Matiu ne. Ya harbo tasa tun da hantsi, ya goya ta a baya, kanta na lilo bisa kafaɗarsa, ta rufe jar rigarsa ruf. Nauyi ne ya sa ya yanko ta yamma.

"Kai, rago, zaune kake? Taso ka kama mini!" in ji Matiu.

Rewi ya zaro sakatar daga hammata. Da ƙyar ya ce, "Yaya, kai na saita. Na ja kunama."

Matiu ya sauke naman a hankali, ya zauna cikin ƙanƙarar. Daga baya ya miƙa hannu ya karɓi sakatar, ya juya ta, ya ga man ya yi kitse.

"Wa ya koya maka shafa mai haka cikin sanyi?"

"Babu kowa."

"To, Allah ya yi wa rashin saninka albarka."

Suka fashe da dariya, ta Rewi har da hawaye. Suka datse kan barewar, Rewi ya goyi naman har bakin mota.

A gida shi da kansa ya faɗa wa yayarsa Hinewai. Ta ɗauke shi da mari, ta rungume mijinta, sannan ta jawo ƙanin nata ta haɗa su duka ta ƙanƙame.

"Ku zauna ku ci abinci, shashashai," ta ce. "Allah na gode maka."