Katangar Dulimay

Ni ne Binwag. Duk wanda ya ce maka akwai mai jera dutse kamata a wannan kwari, tambaye shi ko ya taɓa taka gonata. Tsauni ya zaftare ya binne ni har wuya ina ɗan shekara talatin, na yi kwana biyu cikin laka ina zagin masu tono saboda nawarsu. Girgizar ƙasa ta kwantar da gida goma sha ɗaya a ƙauyenmu, katangun gonakin shinkafata da ke hawa-hawa a jikin tudu ko tsakuwa ba su zubar ba. Na binne mata, na binne ɗa. Ban taɓa zama a aji ba, ban san harafin da sunana ya fara da shi ba, amma bara makaranta da ƙafarta ta hawo tudu ta same ni.

Malama Erlinda ce ta zo, sabuwar shugabar makarantar, tana haki, takalmi a hannu. Ta ce sun canja tsari. An daina cewa shekara ta ƙare, kowa ya wuce gaba. Kowane abu sai yaro ya nuna ya iya shi, ko a wata ɗaya ko a wata shida. In bai iya ba a gaya masa abin da ya rage, ya sake, babu bulala, babu sifili. Kuma cikin abin da 'yan ajin ƙarshe za su nuna har da namu na gida: saƙa, waƙar girbi, da ɗaga katangar gona.

Na ce, "Sai yau kuka gano wannan? Wa ya taɓa ba yaro rabin maki a kan katanga? Ko ta tsaya ko ta faɗi."

Ta kira ni Apo, yadda ake kiran dattijo a wurinmu, ta ce, "Shi ya kawo ni. Kai za ka riƙa dubawa. Wanda ka ce ya iya, ya iya."

Na tofar da jan yawun moma, wato goron ƙasarmu, da nake taunawa, na ce zan yi tunani. Alhali tun tana gindin tudu na yarda.

Yara tara aka ba ni. Takwas na sallame su cikin wata biyu, har da ɗan Gumangan mai hannu kamar na kwaɗo. Ta taran jikata ce, Dulimay, 'yar shekara goma sha shida. Tana da wata bakwai uwarta ta ajiye mini ita ta tafi aiki birnin Baguio. Ni na tauna mata dankali na sa mata a baki, ni na goye ta a kwando ina aiki. Sai ga saƙon uwar: da zarar ta gama ajin ta sauko birni, an samar mata gurbi a babbar makaranta. Lissafi ta gama. Karatu ta gama. Tsofaffin mata sun karɓi saƙarta. Saura katanga, wato saura ni.

Damina ta ɓalle mini katanga tsawon gaba huɗu a gonata ta ƙasa, nan na ba ta. Na toshe ruwa daga sama don wurin ya bushe. Ta haƙa har ta iske ƙasa mai tauri, ta kafa manyan duwatsu a gindi, kowanne ya jingina da tudu, kowanne ya hau kan biyu na ƙasansa, ta danƙara tsakuwa da laka a baya. Kwana goma sha biyu ta yi. Ranar dubawa Malama ta zo da littafinta. Kallo ɗaya na yi na san katangar za ta riga jikokin Dulimay tsufa. Hannuna ne sak, sai dai nata ya fi tsabta, kuma wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.

Na ce, "Dutsen nan na uku yana kallon waje. Rushe."

Dulimay ta dubi dutsen, ta dube ni. Malama ta rubuta cewa da saura, ta rubuta dutse na uku.

A wannan makon abinci ya yi mini daɗi. Da yamma ina zaune a bakin tsani ina jin ta tana sussukar shinkafa a ƙarƙashin gida, da yake a kan ginshiƙai yake, tana waƙa da muryarta mai kama da ta agwagwa, tana yi wa alade faɗa kamar mutum. Na ce a raina mako biyu na ƙaru.

Ta sake ɗagawa. Malama ta sake hawowa.

Na ce, "Lakar baya ba ta daku ba."

Malama ta ce, "Apo, nuna mana daidai wurin, don ta san abin da za ta gyara. Haka tsarin yake."

Na soka sandata inda na ga dama. Sandar ta ƙi shiga, na danna da ƙarfi har kafaɗata ta amsa. Na ce, "Nan." Malama ta daɗe tana kallona kafin ta rubuta.

Karo na uku Dulimay ta gama, na ce ciwon baya ya hana ni sauka. Na ƙara kwana huɗu da wannan.

To, mu ruwanmu ɗaya ne. Daga idon ruwa na kan tsauni yake shiga gonar farko, in ta cika ya zubo ta baki zuwa ta biyu, haka har gindin kwari. Wanda ya toshe nasa ya toshe na duk wanda ke ƙasansa. A ƙasana akwai gida uku, na farkonsu Intanap, gwauruwa, sa'ata, wadda ta ƙi aurena shekara hamsin da suka wuce kuma har yau take nadama, ko da ba ta faɗa ba. Da hantsi ta hawo da damin irin shinkafa a hannu, ta jefa shi a ƙafata.

"Binwag, tsohon kunkuru, dubi irina. Ya kai dashe tun makon jiya, ya fara jan baki. A kan busasshiyar ƙasa zan dasa shi, ko a kan sanƙonka?"

"Katanga ba ta yi ba."

"Jiya na bi ta kanta da tulu a ka."

"Ke me kika sani a dutse?"

"Na san dutse, na san ka. Katangar ce ba ta yi ba, ko kai ne ba ka yi ba?" Ta zauna a kan turmi ba tare da an ce ta zauna ba, ta ɗauki momata ta jefa a baki. Sai ta rage murya. "'Ya'yana huɗu suka tafi birni, Binwag. Ban toshe wa kowa ruwa ba."

Na ce mata bakinta ne ya kashe mijinta. Ta ce gara shi, ya huta da ganin fuskata. Da ta tafi na zauna da damin irin a gabana. Gida uku ba za su yi girbi ba saboda ni, ni da ban taɓa cin loma ta kowa ba. Na ɗauki fartanya na hau na cire toshiyar.

A al'adarmu sabuwar katanga kwana uku ake ba ta da ruwa a bayanta. Kwana ukun nan kullum ina sauka ina shafa fuskarta da tafin hannu, dutse bayan dutse, ina neman danshi. Allah ya sani, nema nake yi da gaske. Ko gumi ba ta yi ba. Ruwa ya cika ya kwanta, ya zubo ta baki zuwa gonar Intanap, ita kuwa tana can tsugune tana dashe, ta juya mini baya.

Rana ta uku Malama ta zo, yaran nan takwas suka biyo ta, suka jeru a kan katangar sama. Na hau ta Dulimay na bi ta daga wannan kai zuwa wancan, na dawo, na yi tsalle a tsakiya da wannan tsufan nawa. Yara suka yi dariya.

Dulimay ta ce, "Kaka, yau wane dutse ne yake kallon waje?"

"Rufe mini baki."

"In na uku ne, ban canja masa zama ba tun karon farko. Yadda yake na mayar da shi, sau biyu."

"Kin san da haka kika rushe?"

Ta ce, "Ai ni ma ban shirya ba a lokacin." Ta sunkuyar da kai tana goge laka a yatsun ƙafa. "Yanzu na shirya."

Malama ta buɗe littafi tana jira. Na ce, "Rubuta. Ta iya. Ki rubuta kuma wurin Binwag ta koya, da manyan baƙi." Na dangwala yatsa.

Bayan kwana tara na ɗauki jakarta a kafaɗa muka sauka zuwa titi, ban tsaya hutawa ko sau ɗaya ba, a tambayi kowa. Ta ce za ta zo girbi. Uwarta ma haka ta ce a wannan wurin. Motar ta cika har rufi, ta sami wuri a baya, tana ɗaga mini hannu har suka sha kwana. Na hau tudun ni kaɗai, a nan kam na huta sau biyar, amma babu mai gani.

Bana an ba ni yara goma sha ɗaya, kuma an ce makarantu biyu daga can bayan tsauni za su zo su ga yadda nake yi. Su zo. Abu ɗaya ne ya gagare ni a duniya, awon shinkafar mutum ɗaya. Kullum sai tukunya ta yi ragowa. Da safe nakan juye ta a kwano in sauka da ita wurin Intanap, ta karɓa, ta ce ta yi gishiri.