Jan da Ya Koɗe

Ni dai tun da na fara sana'ar allon wuta ban taɓa shan wahalar kala irin wadda na sha a kan allon surukina ba. Allo ne fa ɗan ƙarami, da kaɗan ya fi faɗin ƙofa, a saman shagon gyaran agogonsa da ya daɗe da rufewa. Mu muna zaune a benen da ke sama, ni da matata da yara da shi Baban, tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Shago a rufe, amma kullum da yamma sai an kunna allon, don da shi Baba yake gane gida.

Tsufa ya taɓa masa kai. Abinci yana ci, wanka yana yi da kansa, in ka miƙa masa agogo ma sai ya buɗe ya gaya maka ciwonsa, amma sunan jikokinsa sai Allah. Abu ɗaya ne bai bari ba. Da yamma zai sa hularsa ya bi titi har wajen shataletale, ya zauna a wani dakali yana kallon motoci, in duhu ya fara sai ya taso. Ba ya yarda a raka shi. In ya ga kana binsa sai ya toge ya ce shi ba akuya ba ne. Titin namu kuwa shaguna ne a jere, ƙofofin ƙarfe iri ɗaya, fenti iri ɗaya, ni mai hankalina ma na taɓa zura makulli a ƙofar maƙwabci. Shi jan nan yake nema, in ya hango shi ya tsaya ya shigo.

Sai wata motar rodi ta zo juyawa, ta yi baya, rodi ya shige allon ya fito ta wancan gefen. Direba ya ba da haƙuri ya kama gabansa.

Na ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, sana'ata ce. Na sauke gawar allon na ɓalle firam ɗin, sai ga wani siririn layi a gefen da firam ya rufe, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, ja jajir. Na ce yauwa, ga asalin kalar. Na samo sitika mai barin haske ya ratsa, wannan jan sak. Na yanko sabon fallen roba mai kauri, fari tas, na jera ƙananan ƙwayayen wutar nan na zamani a ciki da tazara daidai, yadda ba inda zai fi wani wuri haske. Rubutun ma na kwaikwaye shi harafi bayan harafi. Da na kunna, mai gyaran waya na tsallaken titi sai da ya baro shagonsa ya ce in yi masa irinsa.

Baba ya zo ya wuce allon kamar ba a yi komai ba. Matata na tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Baba, nan ne fa!" Ya ɗaga kai ya dubi allon, ya dube ta, ya ce, "A'a, baiwar Allah, namu gaba ne." Ya ci gaba da tafiya. Da ƙyar da lallashi ta juyo da shi, yana ta faɗa wai an tare shi a hanya. Washegari ita tana fama da yaro mai zazzaɓi, ni ina kan tsani a wajen wani aiki, sai da aka baza neman Baba. A bayan wani wurin sayar da tayoyi aka same shi, zaune, takalmi ƙafa ɗaya.

Yayanta, wanda ke can wani gari kuma bai san wahalar komai ba sai ta buga waya, ya ce a sa wa ɗakin Baba kwaɗo kawai a huta. Muka gwada. Wallahi da ihu ya yi da ya fi mana sauƙi. Lokacin fitarsa na yi sai muka ji ƙwanƙwasa a hankali, yana cewa, "Salamu alaikum. Akwai mutum a ciki fa. An manta da mutum." Can ya sake. Haka har duhu ya yi. Matata ta zauna a matakalar bene ta cusa gefen mayafi a baki don kada yara su ji. Yaya kuwa ya ce in Baba ya sake ɓata sau ɗaya, da kansa zai zo da mai walda a sa wa ƙofar sakata ta waje, magana ta ƙare.

Da safe ta same ni ina shan shayi ta ce, "Baban yara, wancan fa ba allonmu ba ne."

"Kamar yaya ba allonku ba ne?"

"Namu ba ja ba ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yau kuma ke za ki koya min ja? Ni na ɓalle firam ɗin nan da hannuna!"

Ba ta kula faɗana ba, gajiya ta hana ta. Ta ce namu kamar ruwan da aka wanke jan zane yake, hagunsa duhu ne, ƙasansa kuma akwai wani baƙi-baƙi da ya kwanta. Na fita bayan gida inda na jingine tarkacen, na ɗauko ɓallin tsakiya na ɗaga shi a rana. Gaskiyarta ce. Ni na tsaya neman kalar da aka yi allon da ita, shi kuwa Baba da wadda ta koɗe ya tsufa. Kullum ina wucewa ta ƙarƙashin abin nan ban taɓa ɗaga kai na kalle shi da kyau ba.

Na sa ɓallin a aljihu na tafi wajen Ba-Ragi, mai sayar mana da sitika. Shagonsa siriri ne, naɗin sitika a tsaitsaye har rufi, ga warin gam da ke sa ciwon kai. Can ciki yana da wani sito marar taga, da ɗan akwatin wuta na gwaji, don sitika munafuka ce: kalar da za ta nuna maka a hannu daban, wadda za ta nuna in wuta ta ratsa ta daban. Muka shiga muka ja ƙofa, zufa ta fara aikinta.

Na ɗora ɓallin a gefe ɗaya na akwatin, muka dinga ɗora samfur a ɗaya gefen. Ruwan hoda da wuta ta bi ta sai ta zama fara fat. Ruwan goro ta koma rawaya. Muka ninka ruwan hoda biyu, ta yi duhu kamar hanta. Muka ɗora siririyar ja a kan mai hazo-hazo, ta kusa, amma tana sheƙi irin na sabon abu. Ba-Ragi ya ce a buga kalar da inji a kan farar sitika. Na ce na san wannan, bugun inji da wuta ta haska shi yake wankewa ya bar ɗigo-ɗigo. Bayana ya ƙage, idona ya fara ganin ja ko na rufe shi.

Ba-Ragi ya share wuya da tsumma ya ce, "Mai Allo, ni fa ban gane ka ba. Kowa na zuwa nan yana roƙona wadda ba ta koɗewa, kai ka zo neman wadda ta riga ta mutu. Ko ka fara aikin gidan tarihi ne?"

Na ce, "Don Allah rabu da ni, ban da ƙarfin dariya yau."

Na gaya masa zancen Baba da kwaɗon. Nan take ya bar tsokanar. Muka fito gaban shago mu sha iska, na zube a kan benci, sai idona ya kai kan tagarsa. Akwai wani fallen jar sitika da ya rataya a jikin gilashin tun ban san yaushe ba, don ya tare masa rana, takardar bayanta ma ba a ɓare ba. Ta ciki takarda ce kawai ake gani. Na fita waje na leƙa ta gilashi, na fito da ɓallin na kara.

Na ce, "Sauko min da labulen nan."

"Wanne? Haba Mai Allo, wannan ai shara ce. Gam ɗinta ya mutu, in ka lanƙwasa ta karyewa za ta yi. Kar ka je ka ce a wajena ka saya."

Muka sauko da ita mu biyu kamar masu ɗaukar majinyaci, muka kai kan akwatin. Ita ce. Ba sak ba, amma 'yar uwarta ce ta jini. Faɗinta kuma iyakar allon ne, ba rarar ko ɗan yatsa, in ta yage shi ke nan.

Sauran aikin shi ya fi ci min rai. Na ajiye sabuwar robar da na yanka, na tona cikin tarkacena na zaro ta wani tsohon allon aski da ta yi rawaya don tsufa. Na shafa gam marar kala, na kwantar da sitikar a hankali ina riƙe numfashi, duk da haka ta tsage a lungu ɗaya, na bar ta a haka. Na yanke haruffan. Na cire fararen ƙwayayen nan masu kyau na sa masu hasken rawaya-rawaya, na rage yawansu, na tsige na hagu gaba ɗaya. Baƙin da ke ƙasa kuwa na san ko mene ne, matattun ƙwari ne da ƙura da suka taru, sai na zuba garin katako da 'yar ƙasa a madadinsu. Hannuna sai ƙoƙarin gyarawa yake ina hana shi. Na kira matata ta tsaya a kaina, tana cewa ƙara duhu nan, rage can, ni kuma ina bi kamar sabon shiga. Duk abin da na taɓa yi wa wani faɗa a kansa a sana'ar nan, ranar na yi shi da gangan.

Ina kan tsani ina ɗaure shi mai gyaran waya ya tsallako. Ya dubi sabuwar fuskar allon da na cire na jingine a ƙasa, ya dubi wanda nake ɗaurawa, ya ce, "Lafiya kuwa? Aikin naka baya yake komawa?" Na ce masa haka masu shi suke so. Ya ce to nasa a dakata tukuna, zai yi shawara. Na ce Allah ya ba da sa'a, ko kallonsa ban yi ba.

Da yamma matata ta buɗe kwaɗon. Baba ya sa hularsa ya fita. Ta so ta bi shi daga nesa, na ce ta bari, in ya hango ta an ɓata gwajin. Muka kunna allon tun da sauran haske. Ita ta tsaya daga cikin ƙofar bene inda ba zai gan ta ba, ni na zauna a kan akwatin kayan aikina a gefen tsani. Wayarta ta yi ƙara, Yaya ne, ta kife ta. Fitilun titi suka kama, shaguna suka kunna nasu, kowanne tar da shi, namu ne kaɗai kamar mai ciwon ido. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

Can sai ga shi, yana tafe yana jan ƙafa, kansa a sama yana bin alluna ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce na mai kayan miya. Ya wuce na mai wanki. Ya zo daidai namu, ƙafarsa ta riga ta yi gaba, sai ya ja birki. Ya daɗe yana kallo. Na ji matata ta kama ƙarfen ƙofa.

Ya juyo ya nufo ƙofar. Har ya sa ƙafa a matakala ya ga tsani, ya ga akwatin kayan aiki, ya gan ni. Ni da nake kai shi aski, nake yanke masa farce, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bawan Allah, kai mai gyaran allo ne?"

Na ce, "Eh, Baba."

"To ka ga namu nan, duk ya mutu. Hagunsa ma ba ya kamawa. In ka samu sarari ka zo ka canza mana shi, mutane na wucewa ba sa gane shagon."

Na ce, "To, Baba, zan zo."

Ya gyaɗa kai ya hau bene, ya ratsa 'yarsa a matakala ya ce mata sannu da aiki. Ta bi bayansa da kwaɗon a hannu, tana share ido da bayan hannun. Ni kuma na tashi na naɗe tsani, na rasa inda zan kai sabuwar fuskar allon.