Kambun Ƙarfe a Damtsena

"Ba zan shiga motar ba, Baba."

Ina tsaye a ƙofar falonmu a Lugbe na faɗa, jakata rataye a kafaɗar hagu. Baba ya riga ya ta da mota, hularsa ya dawo ɗauka. Ya juyo ya dube ni kamar bai san muryar ba.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan koma Uke ba. Asibiti za ni, yau za a ɗauki hoton hannun."

"Safara'u, wuce ki shiga mota. Nababa yana jiranmu."

"Sai dai ya yi ta jira."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ke! Da ubanki kike magana haka?"

Da shi nake, kuma na daɗe ina haɗiye maganar.

Watannin baya keke-napep ɗin da na hau a bakin titin filin jirgi ya kife da mu. Na faɗi a kan kafaɗar dama, ƙashi ya karye. Ni mai zanen gine-gine ce a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, da wannan hannun na yi karatu, da shi nake ci. Baba bai bari na ko kwana a asibiti ba. Ya kwashe ni sai Uke, wurin Nababa mai ɗori, amininsa tun suna yara a Katsina, wanda ya taɓa ɗora masa ƙafa lokacin da likitoci suka ce sai an yanke. Ba zan yi wa mutumin ƙarya ba, ƙashi ya haɗu lafiya lau. Hannun ne bai tashi ba. Yana nan yana reto a gefena, yana ramewa, ga wani zugi kamar an zuba mini garwashi daga wuya zuwa yatsu.

Duk Asabar sai mu koma. A zaunar da ni a tabarma, mutum biyu su danne ni, Nababa ya shafa man shanu ya kama tsintsiyar hannun ya ja. Ban taɓa yi masa kuka ba. Gefen mayafina nake cizawa ina kallonsa ido cikin ido. Da ya ga ja bai yi ba, sai ya ce iska ce ta shiga hannun a wurin haɗarin. Ya kira maƙeri, aka zagaye damtsena da kambun ƙarfe, aka buga bakinsa ya haɗe yadda ba zai zame ba. Ya kafa sharaɗi a gaban Baba: shi ya sa, shi zai cire. Ranar da wani ya taɓa masa aiki, ya cire hannunsa daga kaina.

A ɓoye na je na ga Dokta Abdulhakim, likitan jijiyoyi. Ya yi ta tsikarina da allura daga kafaɗa zuwa yatsu, wani wurin in ji, wani wurin kamar itace yake soka.

"Ba ƙashi ba ne," in ji shi. "Jijiyoyin da ke ɗauko saƙo daga wuya zuwa hannu ne suka taɓu. Hoton ƙashi ba ya nuna su. Sai hoton maganaɗisu, wanda muke kira Em-ar-ai, shi zai gaya mana ko miƙewa suka yi ko tsinkewa. Kuma 'yar'uwa, naman hannu ba ya jira har abada. In ya daɗe saƙo bai zo masa ba, ko an gyara jijiyar ba zai amsa ba."

Abin da na maimaita wa Baba ke nan da safen nan, shi kuwa amsarsa ɗaya ce.

"To da wane ido zan kalli Nababa?"

Nan raina ya ƙarasa ɓaci. Ina maganar hannuna, yana maganar idonsa. Na raɓa ta gefensa na fita, Mama tana ta kiran sunana.

A asibitin, wata ma'aikaciya mai suna Rita ce ke kula da na'urar, Hausarta ta 'yan koyo ce. Ta ba ni rigar da zan sa, ta ce in cire 'yan kunne, allurar ɗankwali, duk wani abu na ƙarfe. Da na fito ta hango damtsena ta tsaya cak.

"Haba madam! Wannan fa? Ka je yaƙi ne?"

"Magani ne. Ba ya fita."

"To ba za ka shiga ba. Wannan inji, ko a kashe kake ganinsa, yana jan ƙarfe. Zai fizgi hannunka, zai yi zafi ya ƙone ka, hoton ma ba zai fito ba. Oga zai kore ni. Ka je ka cire, zan riƙe maka layi."

Na mayar da kayana na fita. A bayan asibitin akwai rumfar masu walda. Na zaɓi wani dattijo Bakano, na yaye mayafi na nuna masa. Ya sunkuyo ya duba, ya ja da baya yana girgiza kai.

"A'a Hajiya. Wannan aikin masu abu ne. Ni ƙofa nake yi da taga."

"Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Ƙarfe ne, amma wa ya san abin da aka tofa masa? In na yanke, hannuna ya shanye fa?"

"Sai mu zama mu biyu, mu riƙa gaisawa da hagu. Malam, ka yanke. In akwai abin da zai biyo baya, ni zai bi, ni na sa ka."

Ya yi dariya, ya yi bisimilla, ya cusa guntun kwali tsakanin ƙarfen da fatata, ya ɗauko zarto. Yana gogawa wayata tana ruri a jaka. Na san Baba ne, ban ɗauka ba. Da kambun ya buɗe, fatar da ke ƙarƙashinsa ta yi fari ta saɓule. Na sa shi a jaka na koma.

Rita ta kwantar da ni a wani siririn gado, ta kafa mini wani abu a wuya da kafaɗa, ta toshe mini kunne.

"Kar ka motsa ko kaɗan. In ka motsa, mu fara daga farko."

Gadon ya zarce da ni cikin rami, rufinsa dab da hancina. Sai ƙara ta fara, kamar ana sassaƙa turmi a cikin kaina, ta tsaya, ta sauya murya, ta dawo. Kwanciyar rigingine ta tayar da zugin nan, ya taso daga wuya yana cin hannun har ƙarshen yatsu. Tun farko Rita ta ba ni wata 'yar roba a hagu in matsa idan na kasa. Ban matsa ba. Na jure wa mutum biyu suna danne ni don aikin da bai amfane ni da komai ba, wannan kuwa ni na kawo kaina. Hawaye ya gangara cikin kunnena, ban ko haɗiyi yawu da ƙarfi ba.

Da aka fito da ni Rita ta ce, "Kai, madam, kana da taurin kai."

"Haka ake faɗa a gida."

Bayan la'asar Dokta Abdulhakim ya juyo mini da allon kwamfuta. Ya nuna mini wasu fararen zare da suka fito daga ƙashin wuya suka nufi hammata. Wasu sun kumbura amma suna nan a haɗe. Ɗaya kuwa ya tafi ya tafi, sai ya ɓace a cikin wani dunƙule.

"Nan ta tsinke," in ji shi. "Ba za ta haɗu da kanta ba, ko shekara nawa za a yi ana shafa mai. Sai an yi aiki an ɗauko wata jijiyar an jona."

"Jan da aka riƙa yi fa?"

Ya ce, "Ba zan iya rantsewa a kan abin da haɗari ya yi da abin da ja ya ƙara ba. Abin da na sani, da kin zo da wuri da na yi miki alkawari mai yawa. Yanzu gwiwar hannu nake sa rai. Yatsu, sai abin da Allah ya yi."

Na koma gida na tarar da Baba a falo, ko shagonsa na Mararaba bai je ba. Idonsa ya sauka a damtsena. Na ciro kambun na ajiye a gabansa, na fara yi masa bayanin abin da hoton ya nuna. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Wa ya yanke?"

"Ni na sa aka yanke. Baba, jijiyar a tsinke take. Na gani da idona."

"Mutumin da ya tsayar da ni a kan ƙafata. Shi kika kai wa mai walda aikinsa."

"Ƙafarka ƙashi ne, ya iya ƙashi. Wannan bai iya ba, kuma bai ce bai iya ba. Da ya faɗa tun farko..."

"Ya isa."

Ya naɗe kambun a hankici. Washegari da sassafe ya tafi Uke ba da haƙuri. Ni ba a ba ni ba.

An yi mini aikin. Mama ce ta yi jinyata, tana yi tana roƙona in je in durƙusa wa Nababa ko don zuciyar Baba ta sauko. Na ce in dai laifin da zan amsa shi ne na nemi sanin abin da ke cikin hannuna, ba zan je ba. Har yau ban je ba.

Gwiwar hannun ta fara lanƙwasuwa, ina iya kai kofi bakina. Yatsu uku suna motsi, biyu ba sa yi, zane kuwa da hagu nake koyo kamar 'yar firamare. Baba bai zo asibiti ba, bai taɓa tambayar yadda aikin ya kasance ba. Gida ɗaya muke kwana. In na gaishe shi yana amsawa, in yana da saƙo sai ya ba Mama ta gaya mini. Na sami rabin hannu, na rasa hirar ubana, kuma ban san ranar da za ta dawo ba.