Gurbi a Layin Huluna

Makullin ya ƙi juyawa sai da Misbahu ya danna ƙofar da kafaɗa.

"Salamu alaikum! Malam?"

Shiru. Matarsa Hannatu na tsaye a bayansa, ta dafe ƙirji.

Safiyar Asabar ce. Malam Auwalu, maƙwabcinsu na jikin bango a Largo, kusa da Washington a Amurka, ya fita sallar Juma'a jiya, kuma har yanzu babu shi babu labarinsa. Dattijo ne mai shekara saba'in da uku, ga ciwon zuciya. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa tilo Aliyya kuma tana aure a Kaduna. Tun asuba Misbahu ke kan waya. 'Yan sanda sun rubuta sun ce za su duba. Asibiti tara ya kira, kowanne amsa ɗaya: ba su da mai wannan suna. A ƙasar nan kuwa, in ba ka ambaci sunan majinyaci daidai ba, ko kuka za ka yi ba mai gaya maka komai.

Ba mutuwar ce ke tsorata Misbahu ba, wannan dole ce. Abin da ke cin ransa shi ne dattijon ya cika shi kaɗai cikin baƙi, babu mai faɗa masa kalmar shahada a kunne. Malam da bakinsa ya taɓa roƙonsa wannan, ranar da suka dawo daga binne matarsa.

Falon tsaf, kamar kullum. Ga waya a jikin caja. Ga jakar kuɗinsa da katin shaida a aljihun kwat, kwat ɗin rataye a bayan kujera. Haka yake yi duk Juma'a: in ya zura babbar riga, sai ya ɗauki tikitin jirgin ƙasa da carbi kawai, wai aljihun riga ba ya son nauyi.

"Innalillahi," in ji Hannatu. "Ke nan ko faɗuwa ya yi, ba wanda zai san ko shi wane ne."

Misbahu ya zube a kujera. Idonsa ya faɗa kan kantar littattafai, inda tsofaffin labaran 'yan bincike suke jere, bangonsu duk ya sha salatif. Tun yana sakandare a Kano Malam yake tara su. Shekara goma sha ɗaya Misbahu ya yi a ƙarƙashinsa a sashen Hausa na gidan rediyo, kuma wallahi ya sha wuyar littattafan nan. Ka kawo fassarar labari kana murna, Malam ya karkata tabarau ya ce, "Mutum nawa ka ce sun mutu? Wa ya ƙirga? Koma ka duba." In ka ɓata rai, sai ya ɗauko maka labarin wani ɗan bincike da ya kwashe yini guda yana rarrafe a kan kafet saboda ashana ɗaya.

"Mutanen nan ba duba suke yi ba, Misbahu," yakan ce. "Haƙuri ne da su. In sun shiga ɗaki, ba sa barinsa sai sun san abin da mai ɗakin ya fita da shi."

A lokacin Misbahu dariya yake yi a ɓoye. Yau kam ya miƙe ya hau bene.

Ya bi ɗakin kwanan a hankali, kusurwa kusurwa. Takalmin fata baƙi babu. Sandar dogarawarsa tana nan, ke nan da ƙarfinsa ya fita. A saman durowa huluna ne a jere, kowace a kife, goma sha ɗaya. Tsakanin ta shida da ta bakwai akwai gurbi, wata da'ira mai tsabta a cikin 'yar ƙura.

"Hannatu, zo. Wace hula ce babu?"

Ta dube su. "Mai ruwan toka ɗin nan, zanna bukar. Wadda yake cewa ta Yaya Sabo ce."

Yayansa ke nan da ya rasu a Garko, aka aiko masa da hular cikin kayan gado. Misbahu ya ɗauki hula ɗaya ya juya ta. A ciki, kan farin ƙyallen, an rubuta "Auwalu" da biro. Ya juya ta biyu, haka. Ta uku, haka. Aikin masu wankin hula ne na gida, da ke sa suna don kada kayan mutane su cakuɗe. Duk wanda za shi Kano hutu, Malam sai ya haɗa shi da hulunansa, domin ya ce injin wankin Amurka kashe hula yake yi.

Ya dubi Hannatu. "To, wadda ke kansa, sunan wa ke ciki?"

Ya sake bin asibitocin nan tara daga farko, ɗaya bayan ɗaya, yana neman Sabo. Na farko babu. Na huɗu suka bar shi a layi minti ashirin, sannan babu. A na bakwai, can cikin Washington, matar da ta ɗauki wayar ta jefo masa tambaya.

"Kai ɗan'uwansa ne?"

Nas ɗin da ta tarbe shi a sashen masu tsananin ciwo sunanta Constance, mace mai furfura da muryar lallashi. Da Turanci ta yi masa bayani suna tafiya: jiya da rana ya yanke jiki ya faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa. Ba takarda ko ɗaya a jikinsa, sai sunan da suka gani a cikin hularsa, suka rubuta.

"Tun jiya nake kiransa Mista Sabo, bai ko motsa ba," in ji ta. "Likita ya ce ba zai kai yamma ba. Na ji daɗi da wani ya zo."

Da ƙyar Misbahu ya gane shi. Mutumin da in ya yi gyaran murya ɗakin labarai ke yin tsit, ga shi ya ƙanƙance cikin rigar asibiti, kai ba hula, roba a baki. Tausayi ya kama Misbahu har ya rasa ta inda zai fara. Ya ja kujera, ya kama hannun dama.

"Malam Auwalu. Ni ne, Misbahu. Sannu da jiki."

Fatar idon ta motsa. Constance ta rufe baki da hannu.

"Hannatu na gaishe ka. Na kira Aliyya, tana ta addu'a."

Ba a ce wa mai barin duniya ya faɗi kalmar shahada, faɗa ake yi kusa da shi ya ji. Misbahu ya sunkuya daidai kunnensa.

"La ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah."

Ya jira, ya sake. Haka ya yi ta maimaitawa. Bakin Malam ba halin motsi saboda robar. A karo na biyar Misbahu ya ji hannun na ƙoƙarin zamewa daga nasa, sai ya sake shi. Yatsun suka naɗe a hankali, ɗaya bayan ɗaya, manuniya ta miƙe, ta ɗaga kaɗan daga kan gado.

La'asar ba ta yi ba injin da ke auna bugun zuciyarsa ya ja dogon kuka. Constance ta miƙa hannu ta kashe shi, ta koma jikin bango ta tsaya. Misbahu ya shafe masa idanu, hawaye na ɗiga a gemunsa. Da ya zo jan mayafi, sai ya dakata. Hannun yana nan yadda yake a kan farin zanen, yatsu huɗu a naɗe, ɗaya a miƙe.