Manaja da Ido Yake Jin Magana

Tun da Manaja ya rasu falon gidan bai huta da masu gaisuwa ba, kowa da irin yabon da yake zuwa da shi. Wannan ya ce shi ya ɗauke shi aiki a masaƙa, wancan ya ce ko zare ɗaya ne ya tsinke a yadi sai idonsa ya kai. Auta, 'yarsa da ta yi jinyarsa, tana ta kai shayi tana gyaɗa kai. Ita dai uban da ta sani a ƙarshe kurma ne. Ƙarar injinan saƙa ta cinye masa kunne tun kafin ya yi ritaya, sai an ɗaga murya sosai yake ji.

Ran nan wani tsoho ya zo, abokinsa tun suna kan inji, kafin a ba Manaja ofis. Shi ma kunnen sai a hankali. Yana can ƙarshen falo, Auta ta raɗa wa yayanta a bakin ƙofa cewa sukari ya ƙare, kuma tsohon nan da alama ba shi da niyyar tashi.

"Bar sukarin, 'yata, ba na sha," in ji tsohon. "Yanzu ma zan tashi."

Saura kaɗan faranti ya suɓuce mata. Tsohon ya yi dariya, ya ce kada ta damu, duk wanda ya daɗe a ɗakin saƙa leɓe yake karantawa, don a can ko ka tsage maƙogwaro ba mai jin ka. Babanta kuwa ya fi kowa iyawa. Daga tagar ofis yake gane zagin da ma'aikata ke yi masa, bai kuma taɓa kama kowa da shi ba.

Sai a lokacin Auta ta gane. Ashe shi ya sa duk sanda ita da Yaya suka fara ƙus-ƙus Baba yake juya kujerarsa ya fuskanci bango, su kuwa suna cewa rigimar tsufa ce. Amma akwai ranar da ba halin juyawa. Yana kwance tana gyara masa matashi, waya maƙale a kafaɗa, fuskarta dab da tasa, ta ce wa Yaya wallahi ta gaji, rayuwarta ta tsaya cak saboda tsohon nan.

Ta bi baƙon har waje, ta tambaye shi ko a ƙarshen nan ganin Baba ya ragu. Addu'a take yi a ranta ya ce e.

"Ina, garau yake gani," ya ce. "Zuwana na ƙarshe ma cewa ya yi in kin shigo rufe ido yake yi, don ki samu ki faɗi abin da ke ranki. Ya ce yarinyar nan ba ta da inda za ta sauke gajiya."

Auta ta zauna daɓas a kan matakala. Ita kuwa har ƙara ta kai wa likita, wai barci ya yi wa Baba yawa, ko kallonta ba ya yi.