Kiɗan Baba Goma Sha Huɗu

Tun daga Gashuwa har Nguru injin kiɗan Baba yana kan cinyata, naɗe cikin tsohon zanen Inna. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ƙara rungume shi.

Kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara, da wannan ɗan baƙin akwati Baba yake kiɗan biki, shi da fiyano. Kiɗa goma sha huɗu ne a ciki, kowanne da yatsunsa ya danna shi. Yaya Bilya, ɗan baffana mai situdiyo kusa da tashar jirgin ƙasa a Nguru, shi ya ce ƙaramin batirin da ke riƙe su ya kusa mutuwa, kuma ko sabo aka sa sai komai ya goge. Mafita ɗaya ce, a juye su cikin kwamfuta.

Da muka isa situdiyon ni da Baba aka kunna injin, sai da ya yi jim kafin lambobi suka fito.

"Alhamdulillahi," in ji Yaya Bilya. "To kada wanda ya kashe shi. In ya mutu yanzu, ban yi alkawarin zai tashi da su ba."

Ya haɗa waya daga injin zuwa bayan kwamfutar. Sai sifika ta fara wani gurnani, zuuu, kamar an rufe zanzaro a gwangwani. Ya sauya waya, bai daina ba. Ya dafa ƙarfen kwamfutar, gurnanin ya ɗauke. Ya ɗaga hannu, ya dawo.

"Haula, cire takalmi. Ki taka siminti, ki ɗora yatsa a nan. Kada ki ɗaga."

"Yaya, ba za ta ja ni ba?"

"Ɗan tsikari ne kawai. Malama mai littafi, yau dai za ki yi amfani."

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa daga kan kujerar roba. Ni ban yi ba.

Na ɗora. Wani abu kamar tafiyar kiyashi ya rinƙa hawa yatsana. Kiɗan farko ya tashi, koren zane ya fara tafiya a fuskar kwamfutar yana tsalle da kowane bugu. Kowane kiɗa minti huɗu Yaya yake ba shi, sannan ya adana, ya tambayi Baba suna.

"Na amarya," Baba ya ce da ƙyar. "Na masunta. Na tsofaffi."

A na bakwai gumi ya shiga idona, na kasa sharewa. A na goma ƙafata ta hagu ta fara sanyi, can kuma na daina jin ta gaba ɗaya. Na so in faɗa, amma Yaya ya sa abin ji a kunne, Baba kuma ya lumshe ido yana buga gwiwa da hannunsa mai lafiya. Na ce a raina saura huɗu. Saura uku. Saura biyu.

An fara na goma sha uku kenan na ɗan ja ƙafar don jini ya sauka. Ban ma ji ta taɓa komai ba. Kiɗan ya yanke, koren zanen ya miƙe sambal.

Wayar wutar injin ce ta zare, tana kwance a kan yatsun ƙafata.

Yaya Bilya ya mayar da ita. Muka zuba wa injin ido. Lambobi suka fito. Ya danna goma sha uku, shiru. Ya danna goma sha huɗu. Ya koma ɗaya. Babu ko ɗaya.

"Ni ce," na ce. "Baba, ƙafata ce."

Baba ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya juya ga Yaya. "Nawa... suka shiga?"

"Sha biyu, Baffa. Suna nan lafiya."

"Na sha ukun," Baba ya ce, yana jan kowace kalma, "dama wajen makaɗi Hamajoɗa na sato shi. Yana raye, a je a tambaye shi."

"Na sha huɗun fa?" na tambaya.

Baba ya juyo gare ni. Ya miƙo hannunsa na hagu, ya kama yatsan nan nawa da ya yi ja, ya riƙe.

"Bilya," ya ce, "sa mana na masunta."